Babi na Biyu: San Ƙasarka Kafin Ka Zuba Iri

Duk shekara, da damina ta ja baya, sanyin safiya ya fara shigowa, sha'awar lambu kan motsa a gidajen birni. A sayo irin tumatir da latas, a share bayan ɗaki ko gefen rijiya, a yi fangali biyu ko uku, a dasa. Mako biyu komai lafiya lau. A na uku ganye ya koma ruwan ɗorawa, shuka ta tsaya cak. Maƙwabci ya leƙo ya ce ai taki take so. A sayo mudun kamfa a barbaɗa. Ba ta motsa ba, a bi da yuriya. Kafin wata ya cika bakin ganye ya ƙone, mai gida kuma ya yanke hukunci: ko dai irin jabu aka sayar masa, ko shi ne ba shi da hannun shuka.

Galibi iri lafiyarsa ƙalau, hannu ma haka. Ƙasar ce ba a bincika ba.

Manomin karkara bai cika faɗawa wannan rami ba, domin gonarsa ta gado ce, saninta ma gado ne. Ya san inda jigawa ta ƙare jangargari ya fara, ya san ɗan faƙon da ba ya shan ruwa, ya san lakar fadama da ke darewa da rani. In ya ga wuta-wuta ta yi yawa ya san ƙasa ta gaji, in ya ga gero ya yi baƙi ƙirin a gindin gawo ya san dalili. Shi kuwa mai gida a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, abin da ke tsakar gidansa sau da yawa ba ƙasar wurin ba ce ma. Magina sun kwashe ta sama, sun yi ciko da marmara, sun kwaɓa siminti a kai, sun binne ɓaraguzan bulo da buhunan da suka rage. A kan wannan ake so tumatir ya yi 'ya'ya. Saboda haka mai lambun gida ya fi manomi bukatar gwaji, duk da cewa filinsa bai kai girman tabarma goma ba.

Me aka taɓa yi a wurin?

Gwajin farko ba ya bukatar kayan aiki. Tambaya ce, kuma dattawan unguwa ne ke da amsarta: kafin a yi gidan nan, mene ne a nan? Gona ce? Kududdufi ne aka cike da shara? Bola ce? Garejin makanikai? Marina? Wurin masu gyaran batir, ko masu narka gwangwani, ko inda ake ƙona taya ana babbaka? Na sa wannan a gaba da komai domin duk sauran matsalolin da ke cikin babin nan asarar amfani kawai suke jawowa. Wannan kuwa lafiyar 'ya'yanka ce.

Abin tsoron shi ne dalma. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawan da ya wuce hankali a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Bincike ya nuna dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma, ƙurarsa ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka ɗauki gubar a jininsu. A wasu gidajen an sami fiye da miligiram 100,000 na dalma a kowane kilo na ƙasa. Don a gane girman wannan adadi, hukumar kare muhalli ta Amurka a 2024 ta sauke mizanin da take fara bincike a kansa a ƙasar gidajen zama daga miligiram 400 zuwa 200. Maganin da aka yi a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega shi ne kankare ƙasar sama gida-gida, a kai ta rami a binne, a kawo sabuwa a shimfiɗa. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta ci ran yara 28.

Mai karatu na iya cewa ai shi ba a niƙa dutse a gidansa. Gaskiya ne, kuma da wuya a sami irin wancan adadi a tsakar gidan birni. Amma dalma tana da wasu ƙofofin. Tana cikin batirin mota da ake fasawa a zubar da ruwansa a ƙasa. Tana cikin wasu fentin da ke ɓarewa daga bango. Shekaru da yawa tana cikin man fetur, sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama daina sayar da mai irin wannan, abin da hayaƙin motoci ya sauke a bakin manyan tituna kuwa yana nan, domin dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama kuma ba ya wanke ta sosai. Babban sharrinta shi ne shuka ba ta nuna alama. Alayyahu zai yi kore shar a ƙasar da ke da dalma, ya yi kyan gani, a tsinka a yi miya. A jikin yaro ƙarami kuwa ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma masana lafiya sun ce babu wani adadinta a jini da za a kira amintacce.

A Kano akwai ƙarin abin lura. Binciken da malaman jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello suka yi a lambunan bakin Jakara da Getsi da Challawa ya sha nuna ƙarafa masu guba a ƙasa da ganye, musamman kuromiyam daga kamfanonin jima, da kadmiyam da dalma. Wannan ya shafi mai lambun gida kai tsaye, domin idan ka ba mai tifa ko mai kura kuɗi ya kawo maka baƙar ƙasa, daga ina ya ɗebo? Baƙin ƙasa ba shaidar kyanta ba ne. Dagwalon kwata ma baƙi ne. Haka batun takin shara. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano ke shigowa da jakuna suna kwasar sharar birni zuwa gonakinsu, kuma wannan na daga cikin sirrin da ya sa ake noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, kamar yadda masanin nan Michael Mortimore ya rubuta a nazarinsa kan yankin. Amma sharar wancan lokaci toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Ta yau akwai matattun batiran tocila, da leda, da fasassun ƙwayayen lantarki, da tarkacen wayoyi. Ban yarda a zuba takin bola a fangalin latas ba, ko da kyauta aka ba ka.

Idan tarihin wurin ya ba ka shakka, hanya biyu ce. Ko dai a kai ƙasar ɗakin gwaji a ce musamman a auna ƙarafa masu guba, domin gwajin taki na yau da kullum ba ya haɗawa da su, ko kuma a haƙura da ƙasar gaba ɗaya a yi noman buhu ko na tsofaffin robobi da ƙasar da aka ɗebo daga gonar da aka sani. A rufe tsakar wurin da yashi mai tsabta ko ciyawa don kada ƙura ta tashi. Yana da kyau a san cewa masu 'ya'ya, wato tumatir da tattasai da kuɓewa da gauta, sun fi ganye da masu saiwa irin su karas aminci, kuma yawancin dalmar da ke shiga ciki ta hanyar ƙurar da ta maƙale wa ganye da hannu ce. Wanke ganye sosai da wanke hannun yara bayan wasa a lambu suna rage haɗari da yawa.

Abin da hannu da kwalba za su gaya maka

In an wuce wannan, sauran aikin mai daɗi ne, yara ma za su so a yi da su.

Ɗebi ƙasa cikin tafin hannu daga zurfin da saiwa za ta zauna, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka murza. In ta ƙi dunƙuluwa, tana ƙaras-ƙaras a yatsu, rairayi ne ya rinjaya. In ta dunƙulu amma da ka latsa ta wargaje, wannan ita ake nema. In kuwa ta mulmulu, ta yi sheƙi, har kana iya murza ta ta yi tsawo kamar yatsa ba ta karye ba, laka ce. Sannan ka shinshina. Ƙasa mai rai tana da ƙamshin nan na ruwan farko. Wadda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai ta daɗe a jiƙe, iska ba ta shiga cikinta. Ka duba launi a gefen ramin da ka haƙa: ja ko ƙasa-ƙasa alamar iska na ratsawa, ruwan toka mai ɗigo-ɗigon tsatsa alamar ruwa na kwanciya a wurin da damina. In da damina kake dubawa, ka lura ko akwai tana. Ganinta albishir ne.

Wanda ke son ganin abin da idonsa sai ya samo kwalba mai miƙaƙƙen jiki. A tankaɗe ƙasa a fitar da tsakuwa, a zuba ta kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a cika da ruwa saura kaɗan, a sa ƙaramin cokali na garin sabulun wanki don ya raba ƙwayoyin da suka manne, a girgiza sosai na minti biyu ko uku, a ajiye. Cikin minti ɗaya zuwa biyu yashi ya kwanta, sai a ja layi a jikin kwalbar. Bayan kamar awa biyu turɓaya mai laushi ta sauka a kansa, a ja layi na biyu. Laka ba ta gaggawa, takan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, kafin ruwan ya washe. Kaurin kowane hawa shi ne rabon kowannensu. Littattafan noma kan ce wadda ta fi dacewa da lambu ita ce mai kusan kashi 40 na yashi, 40 na turɓaya, 20 na laka. Kada wanda ke arewa ya karaya in bai ga haka a kwalbarsa ba. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, yashi ya haura kashi 90 cikin 100 na ƙasar sama, kuma irin wannan ƙasa ce ta mamaye Daura da Gumel da Damagaram. Ana lambu a cikinta, sai dai da dabararta: ban-ruwa kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, taki ma a rarraba shi, domin in aka zuba gaba ɗaya ruwa zai tafi da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa.

Maganin rairayi da maganin laka ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki. Shi ke sa yashi ya riƙe ruwa, shi ke sa laka ta saki. Mutane da yawa kan zuba kwano biyu ko uku na yashi a laka wai don ta yi sako-sako. Duk maginin gargajiya ya san abin da ke fitowa idan aka haɗa laka da ɗan yashi aka bari rana ta buga: tubali ne.

Sai gwajin rami. A haƙa rami mai zurfi da faɗin santimita 30, a cika da ruwa a bari ya tsotse, sannan a sake cikawa, a sa tsinke a riƙa aunawa. In ruwa na sauka santimita biyu da rabi zuwa bakwai a awa, madalla. In ya ɓace nan take, ƙasar ba ta riƙon ruwa. In har washegari yana nan, akwai abin da ya tare shi, ko laka, ko marmara, ko daɓen simintin da magina suka bari. Tun wajen haƙa ma digar za ta gaya maka. Tumatir da tattasai ba sa jure jiƙon saiwa, kwana biyu a cikin ruwa ya ishe su su yanƙwane. A irin wannan wuri sai a ɗaga fangali sama, a yi tudu maimakon kwari.

Tsami da kanwa

Yanzu mun zo kan dalilin da ya sa kamfar maƙwabci ba ta yi aiki ba. Kowace ƙasa tana karkata ko dai ɓangaren tsami ko ɓangaren kanwa, kuma akwai ma'aunin wannan da ake rubutawa pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya ƙirƙiro a 1909. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya, ƙasa da shi tsami, sama da shi kanwa. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato ƙasa mai 5 ta fi mai 6 tsami sau goma, ta fi mai 7 sau ɗari. Yawancin kayan lambu sun fi walwala tsakanin 6 da 7.

Muhimmancinsa shi ne, shi ke yanke hukuncin ko abincin da ke cikin ƙasa zai narke saiwa ta sha, ko zai ƙulle. In pH ya yi ƙasa da 5.5, fosfaras kan maƙale, sinadarin alminiyam kuma ya narke ya hana saiwa tsawo. In pH ya haura 8, sinadarin ƙarfe da zink ne ke ƙullewa. Takin yana nan a ƙasa, ka biya kuɗinsa, shuka kuwa tana jin yunwa a kansa.

Gonakin savana galibi suna ɗan karkata ga tsami, kuma yawan zuba takin naitirojin shi kaɗai na ƙara musu. A Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take, an kafa wani gwaji tun 1950 inda aka riƙa kwatanta filayen da aka ba kashin shanu da waɗanda aka ba takin zamani zalla, shekara bayan shekara. Abin da ya fito fili shi ne filayen da aka dage musu da takin naitirojin ba tare da kashin dabbobi ba sun yi tsami sun raunana, waɗanda aka haɗa musu biyun kuwa sun riƙe ƙarfinsu. Sai dai a tsakar gidan birni sau da yawa akasin haka ake samu. Ɓaraguzan siminti, da tokar murhu da aka shekara ana zubarwa a lungu ɗaya, da ruwan wanki, duk suna tura ƙasa ɓangaren kanwa. Alamarsa a shuka ba ta ɓuya: sababbin ganyen sama su yi fari-fari ko ruwan ɗorawa, jijiyoyinsu kuma su tsaya kore. Wanda ya ga haka ya ƙara toka, da nufin ai toka taki ce, ya ƙara wa cutar ƙarfi ne.

Yaya za a auna a gida? A ɗiga ruwan lemun tsami ko binega a kan busasshiyar ƙasa. In ta yi kumfa tana ƙara, akwai farar ƙasa ko siminti da yawa a ciki. Zoɓo ma yana taimakawa. Kowace mai girki ta san in kanwa ta taɓa ruwan zoɓo jansa kan gushe ya koma duhu ko kore-kore, domin launin da ke cikinsa yana sauyawa da tsami da kanwa. A jiƙa ƙasa da ruwan sama, a tace, a ɗiga ruwan zoɓon da aka tsinka ƙwarai. In ya juya launi, kanwa ta yi yawa. Amma zoɓo shi kansa mai tsami ne, don haka matsalar da ta yi tsanani kawai yake iya nunawa. Abin da ya fi shi ne takardar awon pH, wadda ake samu a shagunan kayan gwaji na makarantu da wajen masu sayar da kayan kiwon kifi. Awo ɗaya na ƙasa, awo biyu na ruwan sama, a motsa, a bari rabin awa, a tsoma takarda, a gwada launinta da jadawalin da ke jikin kwalin. Ƙananan na'urorin nan masu tsinken ƙarfe da ake sokawa a ƙasa, masu araha, ba na ba da shawarar a dogara da su, sukan nuna lamba kusan ɗaya duk inda aka soka su.

In tsami ya yi yawa, tokar itace ce magani mafi kusa, a barbaɗa kaɗan a cakuɗa makonni kafin dashe, a sake aunawa. Tana da fotashiyam da kalshiyam, ba ta da naitirojin ko kaɗan, kuma kada a haɗa ta da yuriya a lokaci ɗaya, domin naitirojin ɗin zai bi iska. In kanwa ce ta yi yawa, gyaran ya fi wuya: a tsince ɓaraguzai, a daina zuba toka da ruwan sabulu, a yawaita ruɓaɓɓen taki, a yi haƙuri.

Gishiri ɗan'uwan kanwa ne a wannan ɓarna. Da rani, in ka ga fari-fari kamar gari a saman fangali bayan ruwa ya bushe, ko bakin ganye na ƙonewa alhali ƙasa a jiƙe take, gishiri ya taru. Yakan zo daga ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse, daga kashin kaji da aka labta, daga takin zamani da ya wuce kima. Karas da albasa da latas ne ke fara jin jiki, tumatir ya fi su juriya kusan ninki biyu. In ƙasar na tsotse ruwa da kyau, ban-ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu zai tura gishirin ƙasa, damina kuma za ta ƙarasa aikin. In ba ta tsotsewa, sai an fara gyara mafitar ruwa.

Akwai gwaji ɗaya da nake ƙauna saboda sauƙinsa. A cika gwangwani uku da ƙasar lambun, wasu uku da ƙasar gonar da aka yarda da ita, a huda ƙasansu, a shuka wake a kowanne, a ajiye wuri ɗaya. Cikin mako biyu zuwa uku bambancin zai bayyana. In waken ƙasarka ya ƙi fitowa, ko ganyensa ya murɗe ya ƙanƙance, akwai gishiri ko ragowar maganin ciyawa. Haka ake gwada takin da aka sayo kafin a zuba shi a fangali. In kuma an taɓa shuka kuɓewa ko tumatir a wurin, a tumɓuke tsohon gindi a duba saiwa. Kumburi-kumburi a jikin saiwar alamar wata tsutsa ce da ido ba ya gani, wadda ke son ƙasa mai yashi, kuma ita ce ke sa shuka ta yi laushi da tsakar rana ko da an ba ta ruwa. Kada a rikita su da ƙullutun saiwar wake, waɗanda ke ɓallewa in an murza, cikinsu kuma ja-ja ne, su alheri ne. Inda tsutsar ta kama, a jiƙa ƙasar a lulluɓe da farar leda mai shara-shara mako huɗu zuwa shida a zafin Maris da Afrilu, ko a juya zuwa masara shekara guda.

Abin da sai ɗakin gwaji

Hannu da kwalba ba za su gaya maka yawan naitirojin da fosfaras da fotashiyam ba. Shuka kan yi ishara: tsofaffin ganyen ƙasa su yi ruwan ɗorawa in naitirojin ya gaza, ganye ya yi shuni-shuni shuka ta tsumbure in fosfaras ne, gefen tsohon ganye ya ƙone in fotashiyam ne. Amma kafin ishara ta bayyana an riga an yi asarar makonni. A ƙasashenmu na savana naitirojin da fosfaras ne suka fi ƙaranci, ruɓaɓɓen abu kuma sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, saboda zafi da gara suna cinye shi da sauri. Fotashiyam da kalshiyam da ɗan sauƙi, kuma ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Cadi tana sauke mana wani abu daga cikinsu kowace shekara.

Tun ƙarni na 19 masanan Jamus, Sprengel da Liebig, suka bayyana cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke iyakance amfanin shuka, komai yawan sauran. Miyar da ba gishiri, ko an ƙara mata nama ba ta gyaru ba. Mai zuba yuriya a ƙasar da fosfaras ya gaza yana samun ganye ne mai laushi da ƙwari ke so, babu fure, babu 'ya'ya. Lambobin jikin buhu suna faɗin abin da ke ciki: 15-15-15 na nufin kashi 15 na kowanne daga cikin ukun, yuriya kashi 46 naitirojin ce zalla, sufa kuwa fosfaras take bayarwa.

Ana yin wannan gwaji a sassan kimiyyar ƙasa na jami'o'i, irin na Ahmadu Bello a Samaru, da Bayero a Kano, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a Nijar kuma akwai cibiyar INRAN. Malamin gona na yankinku zai iya nuna hanya. Maƙwabtan da ƙasarsu iri ɗaya ce za su iya haɗa kuɗi, amma batun dalma kowane gida nasa daban.

Sakamako ba ya fin samfurin da aka kai kyau, don haka a kula da ɗiba. A share ganye da shara daga sama. A zaɓi wuri goma zuwa goma sha biyar a warwatse cikin filin, a kowanne a yanko ƙasa da shebur mai tsabta daga sama zuwa zurfin santimita 20. A kauce wa gindin bango, da inda aka tara taki, da tsohon murhu, da suri. In wani lungu ya bambanta a ido, a ɗebe shi daban. A haɗa a bokitin roba, a cakuɗa sosai, a shanya a inuwa a kan takarda, kada a rana ko kusa da wuta. Rabin kilo ya isa. A ƙulle a leda mai tsabta, a rubuta suna da wuri da kwanan wata da abin da ake son shukawa. In dalma ake nema, a ɗebi wani samfurin daban daga santimita biyar na sama, musamman inda yara ke wasa da gindin tsohon bango mai fenti. A roƙi mai gwajin ya rubuta shawara, ba lambobi kaɗai ba, kuma ya mayar da lissafin daga kilo a hekta zuwa abin da fangali zai ci: kilo 100 a hekta daidai yake da giram 10 a kowace murabba'in mita, wato ƙasa da cikin babban cokali.

Wanda ke nufin dashe a Oktoba ko Nuwamba, ya yi duk wannan a Agusta ko Satumba, domin toka da taki suna bukatar makonni kafin su zauna. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa, ƙa'idar da masu noman halitta ke bi a Amurka ita ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas da karas, saboda ƙwayoyin cuta. Gwajin ɗaki sau ɗaya a shekara uku ya wadatar. Takardar pH da gwangwanin wake kuwa a maimaita su duk lokacin da aka kawo sabuwar ƙasa ko sabon taki gidan.